Haruffa bakwai a jikin kwalba

  

Yau kalma ɗaya tak na kawo maka. Ba ta Hausa ba ce. Ta Ingilishi ce, wato Turancin da ake yi a Najeriya da Gana. Na san abin da za ka ce. Za ka ce: ni da nake ta fama da baƙaƙen Hausa, mi ya kai ni ga Ingilishi? Yi haƙuri ka ji. Kai ba ka je wurin Ingilishi ba, amma shi ya iske ka har gida. Duba kwalbar maganin feshi da ka sayo ran kasuwa. Duba kwalin maganin sauro. Duba jikin injin ban-ruwa. Kayan da ke shigo mana ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Illela da Ƙonni, ko ta Daura zuwa Damagaram, yawancinsu da Ingilishi aka yi rubutun jikinsu.

Ga kalmar: CAUTION.

Ƙirga haruffanta da yatsa. C, A, U, T, I, O, N. Bakwai ke nan. Ta fara da C, ta ƙare da N. In ka karanta ta yadda aka koya mana karatun Hausa, za ka ce "ca-u-ti-on". Masu ita ba haka suke faɗi ba. Su "koshan" suke cewa. Kada wannan ya dame ka. Ba lalle ba ne bakinka ya iya faɗarta. Idonka nake so ya shaida ta, kamar yadda kake shaida akuyarka cikin garke tun daga nesa.

Bari in ba ka labarin yadda na san ta, don ban san ta da arha ba.

A shekarar 1998 na tafi biɗa Yamai. Na samu ɗaki na haya, jika biyar a wata. Da na miƙa kuɗin, mai gidan ya ce saura kosiyo. Na ce mi ne ne kosiyo? Ya ce kuɗin wata biyu ne zan ajiye a hannunsa. In na tashi ban ɓata masa ƙofa ko bango ba, ya mayar mini. In na ɓata, ya cire. Na ba shi jika goma, ya rubuta mini takarda da Faransanci. Lokacin ban iya karatu ba, amma na adana takardar cikin layar wuyana kamar wata dukiya. Tun daga ran nan na san kosiyo: kuɗin ajiya ne, kuɗin jingina. Wanda aka tsare ma, in ana so a sake shi kafin shari'a, kosiyo ake biya. Duk wanda ya zauna birni a Nijar ya san wannan.

Shekaru suka wuce. Na dawo gida na kama noma. A damanar 2014 wakena ya yi kyau ƙwarai, sai tsutsa da darɓa suka taso masa yana cikin fure. Na tafi kasuwa na sayo maganin feshi kwalba huɗu. Mai sayarwa ya nuna mini murfi nawa ake zubawa cikin famfon feshi, na dawo. Akwai ɗan ƙanwata da ke zaune wurina, yana aji shida na lakwal. Yaro ne mai ƙoƙari, shi ke karanta mana wasiƙa. Na miƙa masa kwalba na ce ya gaya mini abin da aka rubuta.

Ya juya ta, ya sake juyawa. Ya ce: "Kawu, wannan Turancin ba irin namu ba ne. Amma ga kalma ɗaya da na sani, an rubuta ta da manyan baƙaƙe. Kosiyo ce."

Na ce: "Kosiyo? Ta kuɗin ajiya?"

Ya ce: "Ita. Ina jin akwai kuɗin kwalba cikin abin da ka biya. In ka mayar da kwalbar, a ba ka kuɗinka."

Maganar ta shige ni, don na tuna mai gidan haya na Yamai. Ga shi kuma mun saba da kwalbar lemo, wadda in ka mayar ake ba ka ajiyarka. Da na gama feshi ban yar da kwalaben ba. Ban wanke su ba. Na jera su bayan ƙofar ɗaki, ina jiran ran kasuwa in je in karɓi kuɗina. Har na ce wa maiɗakina kada kowa ya taɓa su, kuɗi ne.

Ka san yaro. Abin da aka ce kada a taɓa, shi ne abin wasa. Autana tana da shekara huɗu lokacin. Da hantsi, uwarta na daka, ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗebi ruwa a randa, ta yi ta wasan sayar da fura da ita. Ta sha. Akwai sauran magani a gindin kwalbar, bai fi cikin cokali ba.

Ina gona aka aiko mini. Na iske ta kwance, tana amai, miyau na zuba, gumi ya jiƙa mata riga. Kakarta ta riga ta ɗura mata nono, tana neman man gyaɗa ta ƙara. Muka ɗaura amalanke muka nufi likita. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, amma ni ban taɓa yin doguwar tafiya kamarta ba. Allah ya taimake ni, maiɗakina ta jefa kwalbar cikin zanenta muka tafi da ita. Ni ko tunawa ban yi ba.

Majo ya duba idon yarinyar, ya tambayi abin da ta sha. Muka ba shi kwalba. Ya karanta sunan dafin da ke ciki, ya san allurar da zai yi, ya yi mata, ya sa mata ruwa. Sai da numfashinta ya daidaita sannan ya juyo kaina.

Ya ce: "Malam, don mi ka ajiye wannan a ɗaki?"

Na ce: "Majo, kosiyo nake jira in karɓa. Ga shi nan an rubuta."

Ya dube ni, ya dubi kwalbar. Bai yi dariya ba, na kuwa gode masa da bai yi ba. Ya ce: "Rubutun iri ɗaya ne, amma ba Faransanci ba ne. Ingilishi ne. Nan cewa aka yi: hattara." Ya sa yatsa ƙasa kaɗan ya ce: "Nan kuma cewa aka yi: a ajiye inda hannun yara ba ya kai."

Kwana biyu muka yi a likita. Yarinya ta tashi. Yanzu ta zama budurwa, ba ta ma tuna abin ba. Ni ne ban manta ba.

Majo ya gaya mini abu uku ran nan, ka riƙe su. Wanda ya sha irin wannan magani, kada a ba shi nono ko mai, don maiƙo yana iya taimaka wa dafin ya shiga jiki. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, don ruwan maganin yana iya faɗawa huhu ya yi ɓarna. A kai shi likita maza, kuma a tafi da kwalbar, don ita ce za ta gaya wa mai magani abin da zai yi.

To, mu koma kan kalmar.

CAUTION a Ingilishi tana nufin yin abu da lura don kada a cutu. Mu Hausawa ba mu rasa kalmomin wannan ba, har sun yi mana yawa. In jaki ya ɗauko kaya cikin kasuwa, mai shi "hattara, hattara" yake cewa, a kauce. In an yi ruwa bakin rijiya ya yi santsi, taka-tsantsan ake yi. In ka ɗauko ƙwan zabi cikin ƙwarya, ko kana magana da surukinka, kaffa-kaffa kake yi. In yaro zai zuba kananzir a fitila, "a hankali" ake ce masa. Duk waɗannan, Ingilishi yana iya tattara su cikin haruffan nan bakwai. In ka gan ta ita kaɗai da manyan baƙaƙe, a jikin kwalba ko allo ko bayan mota, fassara ta da "hattara", ba za ka yi kuskure ba.

Tana da ƴaƴa kuma. Mutum mai taka-tsantsan, wanda ba ya tsoma ƙafa sai ya gwada zurfin ruwa, ana ce masa CAUTIOUS. Shirin da ka yi tun kafin abu ya faru, kamar ɗaure baki da hanci kafin feshi, shi ne PRECAUTION. Ka lura, haruffan nan bakwai suna cikinta, an ƙara uku ne a gaba. Ita wannan ko a Faransanci ma'anarta ke nan, ba ta da rikici. Sannan ana amfani da kalmar wajen jan kunne. In ɗan sanda ko alƙali ya gargaɗi mutum ya sallame shi ba tare da hukunci ba, da ita ake faɗi. Samarin da ke kallon ƙwallo ma sun san ta ba su sani ba. Katin nan ruwan ɗorawa da alƙalin wasa ke ɗagawa, wanda aka fara aiki da shi a gasar duniya ta 1970 a Meziko, sunansa ke nan a dokar ƙwallo ta Ingilishi. Bai kore ka daga fili ba. Ya ce dai ka shiga taitayinka, na gaba ja ne.

Wannan misalin na ƙwallo ya fi kowane kama da abin da ke jikin kwalba. Masu yin magungunan ƙwari suna da kalmomin gargaɗi hawa uku, kamar tsani. A Amurka doka ce ta tsara su haka, kuma za ka gan su a kayan ƙasashe da yawa. Na ƙasa shi ne CAUTION: akwai cuta, yi a hankali. Na tsakiya shi ne WARNING: cutar ta fi ƙarfi. Na sama shi ne DANGER: haɗari ne babba, ɗan kaɗan yana iya kashe ƙato. Sau da yawa DANGER tana tafe da POISON, wato dafi, da hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Waɗannan biyu, DANGER da POISON, rubutunsu da ma'anarsu ɗaya ne a Ingilishi da Faransanci. Su ba su yaudarar kowa.

Tsaya ka yi tunani nan. Kwalbar da ta kusa raba ni da ɗiyata, ta matakin ƙasa ce. Ƙaramar cikinsu ke nan. To ina ga ta sama?

Akwai kuma launi. A ƙasan takardar da aka manna wa kwalba za ka ga wani zare mai faɗi ya kewaye ta. Ja shi ne mafi muni. Ruwan ɗorawa na biye. Shuɗi na biye, kuma kan shuɗin ne aka fi rubuta kalmar tamu. Kore shi ne mai dama-dama, amma kore ba ya nufin abin sha ne. Cikin zaren akwai ƙananan hotuna: safar hannu, takalmin roba, mutum ya rufe hanci, mutum na wanke hannu, akwati da kwaɗo. An yi su ne don wanda bai iya karatu ba. Shekara nawa ina ganinsu ina tsammani ado ne.

Za ka tambaye ni: ta yaya rubutu ɗaya ya zama kuɗin ajiya a Yamai, ya zama hattara a Kano? Ni ma na tambaya. Wani mushe da ke koyar da Ingilishi a kwaleji ya warware mini. Ya ce uwarsu ɗaya, wani tsohon harshen Turai da ake kira Latin, wanda Faransanci ya fito daga cikinsa, Ingilishi kuma ya ari kalmomi da yawa a wurinsa. A can asalin kalmar kiyayewa ne, tsare kai daga cuta. Mai gidan haya da ya karɓi jika goma a hannuna, ai tsare kansa ya yi, don bai san halina ba. Faransanci ya riƙe sunan a kan kuɗin. Ingilishi ya riƙe shi a kan halin. Kamar wa da ƙane ne da suka raba gado, ɗaya ya ɗauki gona, ɗaya ya ɗauki shanu, sunan uba kuwa kowa na amsa shi.

Ya ƙara mini da wani abu da ya sa na daina ganin laifin ɗan ƙanwata. Ya ce ko a Najeriya, masu gidajen haya na birni suna karɓar kuɗin ajiya da suke kira CAUTION FEE. Ka ga ashe yaron bai yi nisa da gaskiya ba. In kalmar na tare da maganar kuɗi a takardar haya, ajiya ce. In tana tsaye ita kaɗai a jikin kaya, hattara ce. Yaro ɗan aji shida bai fara Ingilishi ba, sai ya shiga kwaleji. Ya faɗi abin da ya sani. Ni babba, ni ne na ji abin da raina ke so, don an ambaci kuɗi. Da ya ce mini kalmar na nufin in ƙara biyan wani abu, wallahi da na je na tambayi mutum uku.

In kana tafiya Najeriya za ka yi ta gamuwa da ita. Tana bayan manyan motocin mai. Tana kan allon masu gyaran hanya. Tana jikin janareto, wurin da ke zafi. A manyan asibitoci in an goge daɓe da ruwa, ana kafa wani ɗan allo ruwan ɗorawa mai ɗauke da ita, don kada santsi ya kwashe mutum. Alamar nan mai kusurwa uku da direba ke ajiyewa bayan mota in ta lalace a hanya, direbobin can "si-koshan" suke ce mata, kuma ma'aikatan hanya suna tambayarta. A namu ɓangaren, inda Ingilishi zai sa CAUTION, Faransanci ATTENTION yake sawa, ko PRUDENCE. Ka riƙe su su ma.

Akwai wani abu da nake so ka bambance, don na ga ya ɓatar da maƙwabcina. Bayan abin da ya samu ɗiyata, ya rantse ba zai ƙara taɓa maganin feshi ba. Da damana ta zagayo tsutsa ta cinye masa wake yana kallo. Wannan tsoro ne, ba hattara ba. Kalmar ba ta ce "bari" ba. Cewa ta yi "yi, amma san yadda za ka yi". Mai taka-tsantsan yana zuwa rijiya ya ɗebo ruwa, a hankali dai yake taka ƙafa. Akwai kuma wani maƙwabcin, shi kishiyar wancan ne. Yana dama magani da hannu, yana feshi iska na maido masa a fuska, goro na bakinsa. In ka yi magana ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma ban taɓa ganin ya kwana da ƙofar garkensa a buɗe ba don ya dogara da wannan magana.

Ni yanzu ga yadda nake yi. Da sassafe nake feshi ko da yamma, lokacin da iska ta kwanta, kuma ina ba iska baya. Ina sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, in ɗaure baki da hanci. Ba na ci, ba na sha, ba na taunar goro sai na yi wanka da sabulu. Kayan feshi dabam ake wanke su, ba a haɗa su da na yara. A jikin takardar akwai adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka. Ina sa a karanta mini shi, in ƙirga kwanakin. Wannan ya fi shafar masu lambu, masu tumatir da kabeji da salati, waɗanda ke feshi yau su kai kasuwa jibi.

Wajen ajiyar wake ma akwai magana. Wasu na yayyafa masa piya-piya don kada ƙwari su huda shi. Dafin da ke cikin piya-piya sunansa dichlorvos, kuma ba a yi shi don a zuba kan abinci ba. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an samu wannan dafi da yawa a jikinsa. Su sun iya aunawa su ƙi saye. Ƴaƴanmu ba su da abin awo, abin da aka dafa shi suke ci. Ga shi kuwa akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan: buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a 2007, kuma masu binciken noma na INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikinsa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu a waje. Ka shanya wake ya bushe sarai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki su shanye ɗan iskan da ya rage, su mutu. Ni da shi nake ajiya, tiya arba'in ko fiye a buhu guda, in buɗe da bazara in iske wakena lafiya.

Saura labarin kwalabe ukun da suka rage bayan ƙofa. Da muka dawo daga likita na je wurin malamin gona na tambaye shi yadda zan yi da su. Ya ce in ɗauraye kowace sau uku, ruwan ɗaurayar in zuba cikin famfon feshi ya tafi gona, kada ya kusanci rijiya ko tabki. Sannan in huda gindinta, don kada wani ya tsinta ya zuba mai ko nono ko ruwan alwala. Na kira ɗan ƙanwata, wanda tun ran da abin ya faru ba ya iya haɗa ido da ni. Na ba shi ƙusa, na riƙe guduma. Kafin mu huda ta farko na ce ya kwafe mini haruffan nan bakwai a bangon zaure da gawayi, manya-manya, ya rubuta "hattara" a ƙarƙashinsu. Su ne baƙaƙen farko da na koya a rayuwata, tun kafin in iya rubuta sunana.